Ƙarfe ɗaya, farashi biyu: abin da ma'aikatunmu ke sa wa hannu in sun sayi manhaja

A cikin manyan kwamfutocin IBM da ake kira menfirem, irin waɗanda manyan bankunan duniya da kamfanonin inshora da na jiragen sama ke ɗora ayyukansu a kai, akwai wani tsari da ya kamata duk mai sa hannu a takardar sayen manhaja a ƙasar nan ya san da shi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa na'ura lissafi, ba iri ɗaya ake sayar da ita ba. Akwai ta gama-gari, akwai wadda ake kira zIIP, akwai IFL. Sai dai in an buɗe akwatin, duk ƙarfe ɗaya ne, ƙira ɗaya. Abin da ya raba su wani ɗan umarni ne da kamfanin ke dasawa a ciki, mai ƙayyade irin aikin da kowace za ta karɓa. Aikin da ya bi ta kan furosesar gama-gari ana auna shi, ƙarshen wata a kawo takardar kuɗin manhaja. Wanda ya bi ta kan zIIP kuwa ba ya shiga awon.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Zariya da na'urar miliyoyin daloli. Da ruwanmu kuwa. A wajen menfirem ne al'amarin ya fito fili ƙarara, cewa abin da ke yanke kuɗin manhaja shi ne ma'aunin da mai sayarwa ya zaɓa ya rubuta a yarjejeniya, ƙarfin na'ura na biye ne kawai. Irin wannan ma'aunin yana nan kwance a cikin takardun da makarantunmu da asibitocinmu da bankunanmu ke sa wa hannu, da dala, alhali kuɗin shigarsu naira ne. A ganina yawancin asarar da muke tafkawa a wannan fanni tun ranar sa hannu ake yin ta, kuma da za a zaunar da wanda ya san aikin a teburin ciniki, da an kauce wa mafi yawanta.

Tun 1964 da IBM ya fito da System/360 yake riƙe da wannan kasuwa. Manhajojin da ke tafiyar da na'urar, irin su z/OS da CICS da rumbun bayanai na Db2, haya ake biya musu duk wata, kuma ma'aunin hayar, wato awon yawan aikin da na'ura ke yi a awa, shi ake kira MSU. Shekara da shekaru a kan girman na'urar gaba ɗaya ake lissafi, ko ka yi aiki da ita ko ba ka yi ba. Daga baya aka sassauta, aka koma duba abin da aka ci a zahiri, amma ta wata hanya mai wuyar sha'ani: ana ɗaukar matsakaicin aikin kowane awa huɗu a jere, a nemo wanda ya fi kowanne yawa a cikin wata, a kansa za a yi kuɗin watan baki ɗaya. Ke nan in ranar biyan albashi aiki ya yi wa na'ura yawa daga azahar zuwa gab da magariba, waɗannan sa'o'in su za su yanke abin da za ka biya, ko da sauran kwanakin watan hutawa take yi. Wannan ya sa aka sami ƙwararru a bankunan Turai da Amurka da babban aikinsu shi ne ture wasu ayyuka zuwa tsakar dare, da sa wa na'ura takunkumi kada ta wuce wani mizani. Na'ura na da ƙarfi, mai ita ya biya kuɗinta, amma yana tsoron ya sake ta ta yi gudu.

Da sababbin ayyuka suka fara shigowa, na intanet da Java da Linux, sai masu menfirem suka ga in suka ɗora su a kan na'urarsu haya za ta yi tashin gwauron zabi, har ta tsofaffin manhajojin da ba ruwansu da sabon aikin. Suka fara kwashe sababbin ayyukan zuwa ƙananan kwamfutoci masu araha. IBM ya ga kasuwa za ta zame masa, ga shi ba ya son rage farashin tsohon aikin da ke kawo masa kuɗi, wanda ya san ba inda za shi. Sai ya ɓullo da furosesoshi na musamman: IFL a 2000 domin Linux, zAAP a 2004 domin Java, zIIP a 2006 domin wasu ayyukan Db2, musamman tambayoyin da ke shigowa daga wasu na'urori ta hanyar sadarwa. Daga z13 na 2015 aka daina zAAP, aikinta ya koma kan zIIP. Farashinsu ya yi ƙasa da na ta gama-gari nesa ba kusa ba. A ƙananan samfura ma, inda ake rage wa furosesar gama-gari gudu da gangan don a sayar da na'urar da sauƙi, ita zIIP da cikakken gudunta take aiki. Mai arhar ta fi mai tsadar sauri.

To wa ke yanke aikin da ya cancanci hawa mai arhar? IBM ne. A 2009 wani kamfani na jihar Texas mai suna Neon Enterprise Software ya fito da manhajar zPrime, wadda ke karkatar da ayyukan gama-gari, irin na CICS da IMS, su koma kan zIIP da zAAP. Abin ya yi aiki, tunda dama ƙarfen ɗaya ne. IBM ya gargaɗi abokan cinikinsa cewa hakan ya saɓa wa yarjejeniya, Neon ya kai ƙara a ƙarshen shekarar, IBM ma ya shigar da tasa. A watan Mayun 2011 aka sasanta, Neon ya janye zPrime daga kasuwa. Na'urar dai ta nuna za ta iya, takarda ce ta ce a'a.

Ban kawo wannan don in kira IBM ɓarawo ba. Kamfani ne da ya zuba dukiya ya ƙera na'urar da ba kasafai take tsayawa ba, wadda shirin da aka rubuta tun kafin a haifi yawancin ɗalibanmu yake gudana a kanta har yau. Yana da haƙƙin sa wa kayansa farashi, kuma zIIP ta rage wa masu ita kuɗi na gaske. A 2019 ma ya fito da wani tsarin biya da bai dogara da awa huɗun nan ba. Abin da nake so a lura da shi, masu sayen waɗannan na'urori sun san cinikin da suke ciki. Suna da mutanen da ke karanta rahoton awo duk wata, layi-layi.

Mu fa? Duk wanda ya saba sayen masara a kasuwar Giwa ko Sabon Gari ya san ba a farawa da tambayar nawa ne tiya. Sai ka ɗaga tiyar ka duba gindinta, ka ga ko an bubbuge ta, ka ga ana cika ta ta yi tsororuwa ne ko shafe ta ake yi. Amma a cinikin manhaja farashi kawai muke tambaya, mu yi ta murna an yi mana ragi, ba mu ce a nuna mana abin awon ba.

Ga yadda awon yake a wajen Oracle, rumbun bayanan da manyan ma'aikatu da bankuna da yawa a Najeriya suka sani. Furosesar zamani tana da ƙwayoyi da yawa a cikinta, kowace ƙwaya na yin lissafi da kanta. Oracle ƙwayoyin yake ƙirgawa, sannan ya ninka da wani adadi da shi da kansa ya tsara wa kowane irin ƙarfe: rabi ga na Intel da AMD, ɗaya cur ga na menfirem ɗin IBM. Farashin da ya wallafa na babban samfurinsa, Enterprise Edition, dala 47,500 ne kowane lasisi, sannan duk shekara a biya kashi 22 cikin ɗari na kuɗin a matsayin kuɗin tallafi da sabuntawa. Mu ɗauki saba guda, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, matsakaiciya mai furosesa biyu, kowace da ƙwaya 16. Ƙwaya 32 ke nan, rabinsu 16, lasisi 16. Dala 760,000 kuɗin shiga, dala 167,200 duk shekara. Gaskiya ne ana yin ragi, wani lokaci mai yawa, amma ko ragin da dala ake lissafa shi. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, kuɗin shekarar nan bai cika naira miliyan 77 ba. Aka saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta haura 1,500 a 2024, sai ga kuɗin ya wuce naira miliyan 250. Ba a ƙara sunan ko ɗalibi ɗaya a rumbun ba. Ita sabar, ƙarfen da ake gani ana taɓawa, kuɗinta bai kai ko kusa da na lasisin ba, amma a kanta kwamitin sayayya ke ɓata yini yana muhawara.

Na ga yadda wannan ke faɗa wa mutum a wata ma'aikata a nan garin, wadda ba zan kama sunanta ba. Lokacin rajista ne, fotal ya yi nauyi, mutane sun yi cincirindo a bakin ofis, wasu tun daga Soba da Maƙarfi, takardunsu ƙunshe a leda saboda ruwan sama. Wani matashin injiniya mai ƙwazo ya yi abin da duk mai hankali zai yi. Akwai wata sabuwar saba a ajiye, mai ƙwayoyi ninkin na tsohuwar, sai ya kwana yana kwashe rumbun yana mayarwa kanta. Da safe fotal ya buɗe, layi ya watse, aka yi ta sa masa albarka. Da lokacin sabunta lasisi ya zo, wakilin dillali ya nemi a gudanar masa da wani ɗan shiri da ke tattaro bayanan na'ura. Takardar da ta biyo baya ta ninka ta bara.

Ina zaune a ofishin lokacin da babban jami'in kuɗi, dattijo mai haƙuri, ya cire tabarau ya ɗora a kan takardar.

"Injiniya, wa ya ba ka izinin ƙara lasisi?"

"Ranka ya daɗe, ban ƙara komai ba. Na'ura kawai na canza, kuma tamu ce, tun bara tana sito."

"To su kuma me ya sa suka ce mun ƙara?"

Yaron ya yi shiru, don bai taɓa ganin yarjejeniyar ba. Tana cikin fayil a ofishin da ba ya shiga. Shi kuma dattijon ya sa mata hannu ne bisa fahimtar cewa in an sayi manhaja an saya ke nan. Babu mai mugun nufi a cikinsu, kuma wannan ne ya ci mini rai. Wanda ya san na'ura bai ga takarda ba, mai riƙe da takarda bai san na'ura ba, dillali kaɗai ya san duka biyun.

Tarkon bai tsaya nan ba. Yanzu kusan kowa na raba saba ɗaya gida-gida ta hanyar manhaja, ya ware wa rumbun bayanai ƙwaya huɗu, sauran ya ba wasu ayyuka. A ƙa'idar da Oracle ya wallafa, irin wannan rabon da ake yi da manhajar VMware ba ya rage lasisi, ƙwayoyin ƙarfen duka za a ƙirga maka. Sannan babban samfurin yana zuwa da wasu ƙarin fasaloli a cikinsa, a buɗe, amma kowanne da kuɗinsa daban. Yanyanka babban tebur don bincike ya yi sauri, wanda suka sa wa suna Partitioning, dala 11,500 ne a kan kowane lasisi. Haɗa sabobi da yawa su riƙe rumbu ɗaya, wato RAC, dala 23,000. Manhajar ba za ta hana ka amfani da su ba, ba za ta tambaye ka rasit ba. Za ta dai rubuta a wani teburinta cewa ka taɓa, ranar bincike a karanto maka. Microsoft ma tun SQL Server 2012 ya koma ƙirgen ƙwaya, kuma ba ya sayar da ƙasa da huɗu ga kowace furosesa. A Janairun 2023 Oracle ya sauya ma'aunin Java ya koma ƙirga duk ma'aikatan da ke wurin, har da waɗanda aikinsu bai haɗa su da kwamfuta ba. Broadcom kuma da ya sayi VMware a ƙarshen 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin, ya mayar da kowa ɗan haya. Mai kaya na canza ma'auni duk sanda ya ga dama, matuƙar ya tabbata ba ka da hanyar fita.

Hanyar fitar nan ita ce asalin maganar, kuma a nan nauyin ya fi komawa kan masu rubuta mana manhaja. Ana koya wa ɗalibai cewa SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, harshe ɗaya ne, an daidaita shi tun 1986. A takarda haka ne. A aikace kowane rumbu da irin maganarsa. In kana son layi goma na farko daga tebur, tsohon Oracle ROWNUM ya sani, SQL Server TOP, MySQL da PostgreSQL LIMIT, Db2 kuma FETCH FIRST. Wannan ƙarami ne, da yamma ɗaya ake gyara shi. Ga wanda ke cizo. Ɗauki gurbin suna na tsakiya a fom ɗin ɗalibi. Da yawanmu suna biyu gare mu, namu da na mahaifi, sai a bar gurbin fanko. Oracle yana ɗaukar rubutu fanko da rashin bayani kwata-kwata a matsayin abu ɗaya, wanda ake kira NULL, kuma in ka haɗa suna da NULL sunan zai ba ka. PostgreSQL kuwa ya raba su, fanko daban NULL daban, kuma a wurinsa in ka haɗa rubutu da NULL ta wannan hanyar, NULL za ka samu. Saboda haka shirin da aka rubuta a kan Oracle, mai haɗa sunaye uku ya buga a takardar sakamako, in aka ɗauke shi yadda yake aka kai PostgreSQL, duk ɗalibin da ba shi da suna na tsakiya sunansa gaba ɗaya zai ɓace. Ba saƙon kuskure, ba gargaɗi. Sai ranar da yarinya ta zo karɓar sakamakonta ta tarar da lambarta da makinta, ba suna.

Irin waɗannan ƙananan bambance-bambance ba sa ƙirguwa. Sai kuma dokokin aiki da ake rubutawa a cikin rumbun kansa, da PL/SQL a Oracle ko T-SQL a SQL Server: lissafin maki, lissafin kuɗin makaranta, ƙa'idar ƙarin girma. Ɗan kwangila ya zuba su duka a ciki saboda haka ya fi masa sauƙi, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan shekara goma ma'aikata ta ga lasisi ya fi ƙarfinta, ta ce za ta tashi, sai a ce mata ai sai an sake rubuta komai. Ko a cikin gida ɗaya ma abin ba ya tafiya sumul. Db2 suna ɗaya ne, amma na z/OS daban aka gina shi, na Linux da Windows daban, na IBM i daban, kuma fasalin da ke wannan ba lallai a same shi a wancan ba. Kamfanonin sun san darajar wannan shinge sarai. Shi ya sa a 2009 IBM ya koya wa Db2 9.7 fahimtar PL/SQL, don mutanen Oracle su sami sauƙin tsallakowa wurinsa. A ƙarshen 2016 kuma Microsoft, da sabuntawa guda ta SQL Server 2016, ya buɗe wa masu ƙaramin samfuri fasaloli irin su yanyanka tebur da matse bayanai, waɗanda a da sai mai babban samfuri. Shawarar kasuwa ce ta rufe su, ita ce kuma ta buɗe, daidai da abin da ke faruwa tsakanin zIIP da 'yar'uwarta.

Nan ne masu kishin manhajar kyauta za su ce to a koma PostgreSQL a huta. Kusan bakinmu ɗaya da su. PostgreSQL ya samo asali daga aikin bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, babu kamfanin da ya mallake shi, lasisinsa kuma ba ya ƙirga ƙwaya. Yanyanka teburin da ake biyan dala 11,500 a kansa yana cikinsa kyauta, an sauƙaƙa shi sosai tun fitowa ta 10 a 2017. Rajistar ɗalibai, biyan albashi, katin marasa lafiya, kundin ɗakin karatu, a ganina babu wanda ya fi ƙarfinsa a cikin ayyukan da ma'aikatun Zariya ke yi. Kamfanin Amazon ya sanar a 2019 cewa ya gama kwashe rumbuna kusan 7,500 na sashen cinikinsa daga Oracle. Amma fa shekaru ya ɗauka, da rundunar injiniyoyi, kuma kan rumbunan da shi kansa ke bayar da hayarsu ya mayar da su. Wannan ɓangaren ne 'yan'uwana masu kishi ke tsallakewa. In rumbu ya faɗi ƙarfe biyun dare ana gobe jarrabawa, babu lambar da za ka kira sai ta mutumin da ka ɗauka aiki. In ba ka horar da shi ba, ba ka biya shi abin da zai zauna ba, to ya tafi Abuja ko Legas, ko yana ɗakinsa a Samaru yana yi wa wani kamfanin Turai aiki ana biyan sa da dala.

Ma'aikatar da za ta fitar da miliyoyi masu yawa waje duk shekara ba gardama, ita ce za ta ce ba ta da gurbin ɗaukar masu kula da rumbu guda biyu, ko ba ta da kuɗin tura su horo. Kuɗin lasisi yana zuwa da takarda mai tambari da wa'adi, shi ya sa ake biyan sa. Ƙwarewar ɗan gida ba ta da mai tsaya mata a taron kasafi. Alhali garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyarta ta kwamfuta mai sunan Iya Abubakar, da kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ba garin da za a ce babu mutane ba ne. Kaso kaɗan na kuɗin tallafin da ke fita zai riƙe ƙwararru da dama a gida, da naira.

Tashi yana yiwuwa, mun gani a ƙasar nan. A 2024 bankuna uku sun canza manhajar da ke riƙe asusunsu: GTBank ya koma Finacle na kamfanin Infosys na Indiya, Zenith ya koma Flexcube na Oracle, Sterling kuma ya bar T24 ya hau SeaBaaS da aka gina a gida. Kafafen labarai sun ɗauko ƙorafin masu asusu a lokutan sauyin, wanda ya nuna ko mai kuɗi da ma'aikata sai ya ji jiki kafin ya raba bayanansa da tsohuwar manhaja. Mu a Zariya kuma ba mu manta da rikicin manhajojin biyan albashi, IPPIS ta gwamnati da UTAS ta ƙungiyar malaman jami'a ba, wanda yana cikin abubuwan da suka rufe jami'o'i wata takwas a 2022, Samaru ta yi tsit, masu shaguna da masu gidajen haya suka shiga wani hali. A ƙarƙashin duk siyasar da ke ciki akwai tambaya ta gaske: wa zai riƙe manhajar da bayanan ma'aikata ke ciki, wa ke da ikon canza ta? Tambaya ce da ake yi tun kafin a shigar da sunan mutum na farko.

Dokoki kam muna da su. Akwai dokar sayayyar gwamnati ta 2007, akwai NOTAP mai rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, ta fitar da ƙa'idojin fifita kayan gida tun 2013. Amma babu dokar da za ta shiga ɗakin kwamiti ta ɗora yatsa a kan sakin layi ta ce wannan zai cinye ku. Mutum ne zai yi. Don haka kada wata ma'aikatar gwamnati ta sa hannu a lasisin rumbun bayanai sai wanda zai kula da rumbun ya karanta yarjejeniyar, ya rubuta da hannunsa me ake ƙirgawa, da abin da zai sami kuɗin in an canza saba ko an ƙara mata ƙarfi, a kuma ba shi kwafi ya ajiye a ɗakin na'ura. Farashin da za a kai gaban kwamiti ya zama na shekara biyar, da kuɗin tallafi a ciki, a lissafa shi da canjin yau, a sake lissafa shi da canjin da ya ninka, tunda mun riga mun ga hakan da idonmu. In an ga adadi na biyu an ce za a iya, to bismillah.

Domin akwai inda biyan ya dace. Bankin da ke sarrafa miliyoyin hada-hada a yini, wanda tsayawar minti goma babbar asara ce gare shi, yana iya duba RAC ko ma menfirem ya ga kuɗin ya cancanta, kuma ba zan ce ya yi wauta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne makarantar da duk rumbunta zai shiga faifai ɗaya ta sayi babban samfuri don kawai ɗan kwangila ya ce shi manya ke amfani da shi, alhali wani lokaci shi ɗin ne dillalin lasisin. Malamanmu na sashen kwamfuta za su iya taimakawa a nan. Jadawalin ƙwayoyin Oracle a buɗe yake a intanet. A ba ɗalibai shi tare da bayanin wata saba su lissafa kuɗin, a sa su rubuta ƙaramin shiri a kan rumbu ɗaya su ɗauke shi zuwa wani, su ga inda yake karyewa tun suna aji.

Wanda na fi so a fara da shi ya shafi 'yan kwangila, don ba ya buƙatar izinin Abuja. Duk wanda zai gina wa ma'aikata manhaja, a rubuta masa a yarjejeniya cewa duk inda ya yi amfani da fasalin da rumbu ɗaya kaɗai ke da shi sai ya lissafa shi ya faɗi dalili. Kuma kafin a ba shi kason ƙarshe na kuɗinsa, ya fitar da bayanan duka a siffar da kowane rumbu zai karanta, a loda su a kan PostgreSQL a wata na'ura dabam, ma'aikatan gida su ƙirga layukan, su buga sakamakon ɗalibai ɗari a can da nan su gwada. In sun yi daidai a biya shi. In ba su yi ba ya koma ya gyara da kuɗinsa, tun yana da sauran abin karɓa a hannunmu.